Tarihin Likita Fol Langarhans, Wanda Ya Gano Tsibirai A Cikin Jikin Mutum

Yau za mu ba masu karatu labarin wani likita Bajamushe, sunansa Fol Langarhans, wanda ya rasu tun cikin 1888 yana da shekara 40 a duniya. Wannan mutum bai taɓa warkar da mai ciwon sukari ko ɗaya ba, har ma ya koma bai san aikinsa ya shafi wannan ciwo ba. Amma duk da haka, kowane mutum da ya ke yin allurar insulin a garuruwanmu, malami ne ko ɗan kasuwa, yana cin moriyar wani abu da Langarhans ya gani da idonsa tun yana ɗalibi, ya rubuta siffarsa daidai yadda ya gan shi. Likitocin yanzu kuwa suna ta ƙoƙarin su ɗauki abin nan da ya gano, su sa shi cikin kwanso, su dasa a jikin majiyyaci, ko ya huta da allura. Don haka ya kamata a san mutumin, a san abin da ya gani, a kuma san inda aikin ya tsaya.

Ciwon Sukari A Wurin Magabata

Ciwon sukari tsohon ciwo ne, alamunsa kuwa sanannu ne: ƙishirwa wadda ba ta yankewa, da yawan fitsari dare da rana, da rama ko da mutum yana cin abinci. Jalinusu, babban likitan Yunanawa, ya ɗauka ciwon ƙoda ne, saboda ya ga ruwa yana shiga yana fita kamar ba shi da matsaya a jiki. Ibnu Sina ya yi bayaninsa cikin littafinsa Al-Ƙanun, Abdullaɗif al-Bagdadi kuwa ya rubuta risala guda a kansa. Cikin 1776 wani likita a Libaful ta ƙasar Ingila, Matiyu Dobson, ya ƙafar da fitsarin wani majiyyaci, ya sami abin da ya saura yana da ɗanɗanon sukari. Aka tabbata sukari ne ya ke zuba, amma ba a san mafarin abin ba.

Mafarin yana cikin wani nama mai taushi, tsawonsa kamar inci shida, wanda ya ke kwance a bayan tumbi. Turawa suna ce masa fankiriyas, Larabawan yanzu suna cewa bankiryas. Kada a haɗa shi da saifa, ko da ya ke wutsiyarsa tana taɓa ta. Kansa yana manne da farkon hanji. A zamanin da Langarhans ya tashi, iyakar abin da aka sani game da naman nan shi ne yana zuba wani ruwa cikin hanji mai taimakon narkar da abinci, kamar yadda miyau ya ke zuba a baki.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Fol Langarhans a Barlin ran 25 ga watan Yuli, 1847. Ubansa likita ne sananne, mai sa hannu cikin sha'anin mulkin gari, har daga baya ya shugabanci majalisar birnin Barlin shekaru da dama. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, uban ya sake aure, aka haifa masa ƙanne, biyu daga cikinsu su ma suka zama likitoci. Ya yi karatun farko a wata tsohuwar makaranta ta Barlin wadda Bismak, babban wazirin Jamus, ya yi karatu a cikinta. Saboda hazaƙarsa, da ya zo fita sai aka ɗauke masa jarrabawar baka.

Cikin 1865 ya tafi jami'ar Yena ya fara koyon aikin likita, sa'an nan ya komo Barlin ya ƙarasa. A nan ya shiga hannun Rudolf Firko, abokin ubansa, wanda ya ke shi ne shehun malamin ilmin cututtuka a Jamus duka a wannan zamani. Koyarwar Firko ita ce, jikin mutum da na dabba an gina su da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda a ke gina soro da tubali, kuma kowace cuta a cikin ƙwayoyin nan ta ke farawa. Saboda haka wanda ya ke son ya san cuta, sai ya yanko nama siriri kamar fatar albasa, ya rina shi, ya sa a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, ya zauna ya duba da haƙuri. Wannan sana'a ce Langarhans ya koya, ya kuwa ƙware a cikinta tun bai gama makaranta ba.

Abin Da Ya Fara Gani A Fata

Cikin 1868, yana ɗalibi, ya rina fatar mutum da wani ruwan gishirin zinariya, bisa dabarar da wani malaminsa, Yuliyus Konhaim, ya ƙago. Sai ya ga waɗansu ƙwayoyi sun yi baƙi a tsakanin sauran, kowace tana da rassa sun miƙe ko'ina kamar saiwar itace. Ba wanda ya taɓa ba da labarinsu kafin shi. Saboda rassan nan ya zaci ƙarshen jijiyoyin ji ne, ya rubuta haka. Siffar da ya zana daidai ce, amma zaton bai faɗa daidai ba. Sai bayan shekara ɗari da 'yan kai, cikin shekarun 1970, aka tabbatar ƙwayoyin nan 'yan gadi ne na garkuwar jiki. Aikinsu shi ne, in baƙon abu ya shigo ta fata, su kama shi, su kai samfurinsa ga sauran dakarun jini, don a san shi a yaƙe shi. Har yau da sunansa a ke kiransu. Mai karatu ya riƙe zancen 'yan gadin nan, gama za mu sake gamuwa da danginsu a gaba.

Tsibiran Da Ke Cikin Fankiriyas

Tun daga 1867 ya riga ya fara wani aiki a ɗakin binciken Firko, watau duba fankiriyas, yawanci na zomo. Ya kan ɗura ruwan shuɗi cikin magudanar naman, ruwan ya bi rassanta har ƙarshe, don a ga yadda ta yaɗu. Da ya duba a madubi sai ya ga yawancin naman ƙwayoyi ne masu tsaba-tsaba a ciki, sun jeru kewaye da ƙananan magudanai kamar nonon inabi. Waɗannan su ne masu yin ruwan narkar da abinci. Amma nan da can, a warwatse, sai ya riƙa cin karo da waɗansu 'yan tsibi na ƙwayoyi dabam, ƙanana, masu haske, an cure su wuri ɗaya kamar dunƙule. Ya auna su ya ga mafi girmansu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba. Sai an jera goma ko fiye kafin su kai faɗin ƙwayar gero ɗaya.

Cikin watan Fabrairu, 1869, ya miƙa wannan bincike a matsayin littafin neman shahadar likita, ɗan littafi wanda bai fi shafi talatin da 'yan kai ba, ya sadaukar da shi ga Firko. Tun a farkonsa ya nuna cewa abin da ya kawo 'yan abubuwa ne da ya lura da su ɗaya-ɗaya, waɗanda su ke nuna ginin naman nan ya fi yadda a ke zato wuyar ganewa. Ya faɗi girman tsibin, da siffarsu, da inda su ke. Aikinsu kuwa bai gane shi ba, ba kuma wanda ya gane a lokacin. Yana da shekara 21.

Ga abin da aka sani yanzu. A jikin baligi akwai irin waɗannan tsibi wajen miliyan ɗaya, amma duka ba su wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na naman ba, in an tara su ba za su cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ba su zuba kome cikin hanji. Ƙananan hanyoyin jini ne su ke ratsa su, su kuwa suna ɗanɗana jinin dare da rana. Da zarar mutum ya ci tuwo, sukari ya hau cikin jini, sai waɗansu ƙwayoyi a cikinsu, waɗanda a ke ce wa bita, su saki wani sinadari, shi ne insulin, wanda ya ke buɗe wa sukari ƙofar shiga tsoka da kitse, ya kuma sa hanta ta ajiye ragowar. In sukari ya sauka sai su tsagaita. Sun zama kamar mai awo da ke zaune a bakin rumbu, ba ya barci, ba ya ƙara mudu, ba ya ragewa.

Tafiye-Tafiye Da Koyarwa

Bayan ya sami shahada ya yi wani bincike da abokinsa Hofman, suka ɗura jan gari cikin jinin dabbobi, suka ga fararen ƙwayoyin jini ne su ke haɗiye shi, jajaye ba su taɓa shi. Cikin 1870 ya bi wani masanin taswirar ƙasa, Hainirik Kifat, da ɗansa, suka tafi Masar da Sham da Falasɗinu. A Ƙudus ya ziyarci kutare, ya duba halin da su ke ciki, ya rubuta abin da ya gani. Da komowarsa yaƙi ya tashi tsakanin Jamus da Faransa, aka ɗauke shi likitan soja, ya yi jiyyar masu rauni a ƙasar Faransa.

Cikin 1871 ya sami aiki a jami'ar Firaibug, a sashen da a ke fiɗar gawa don sanin abin da ya kashe mai ita, yana kuma koyar da ɗalibai. Cikin 1874 aka ɗaga shi ya zama farfesa, yana da shekara 27. Kowa yana ganin ga wanda zai gaji manyan malaman Jamus. A shekarar nan kuwa tarin fuka ya kama shi. A lokacin babu maganin wannan ciwo, ba a ma san ƙwayar da ke kawo shi ba sai cikin 1882, sa'ad da Robat Kok ya gano ta. Iyakar abin da likita ya kan ce shi ne a sake iska. Langarhans ya bar ɗalibansa, ya gwada duwatsun Siwizalan, ya gwada garuruwan Italiya, sauƙi bai samu ba.

Zamansa A Madera

Cikin watan Oktoba, 1875, ya shiga jirgin ruwa zuwa Madera, wani tsibiri na Fotugal a cikin Tekun Atlantika, yamma da gaɓar Maroko. Jiragen da ke tasowa daga Libaful zuwa Ikko sun kan yada zango a nan a wancan zamani. Ƙasar ba sanyi ƙwarai, ba zafi ƙwarai, shi ya sa masu fuka na Turai su ke zuwa jiyya. Ya ɗan sami sauƙi, amma bai warke ba, daga baya ya ajiye aikin jami'a ɗungum.

Wani in ciwo ya raba shi da matsayinsa yana saurayi, sai ya naɗe hannu. Langarhans bai ajiye madubinsa ba. Tun da babu ɗakin fiɗa babu ɗalibai, sai ya juya ga abin da teku ta ke bayarwa. Ya riƙa tattara tsutsotsin ruwa daga bakin gaɓa da kuma hannun masunta, yana duba su, yana zana siffarsu, yana rarraba su jinsi-jinsi. Ya bayyana iri da yawa waɗanda ba a taɓa rubuta su ba, ya raɗa wa waɗansu sunan malaminsa Firko don girmamawa. Masanan halittun teku suna ambaton sunansa har yanzu a kan wannan aiki.

Ya kuma buɗe wurin duba marasa lafiya a Funshal, babban garin tsibirin. Yawancin masu zuwa wurinsa Turawa ne masu irin ciwonsa, yana jiyyarsu yana jiyyar kansa. Ya yi rubutu a kan musabbabin tarin fuka, kuma cikin 1885 ya fitar da littafin jagora ga masu zuwa Madera, mai bayanin iskar ƙasar da zamanta. A shekarar nan ya auri wata mata wadda mijinta ya rasu, mijin kuwa dā majiyyacinsa ne. Shekara uku kaɗai suka yi tare. Ciwo ya sauka a ƙodarsa, ƙafafu suka kumbura, ƙarfi ya ƙare. Ya rasu ran 20 ga watan Yuli, 1888, saura kwana biyar ya cika shekara 41. Aka binne shi a maƙabartar Ingilishi ta Funshal. Ubansa ya rayu bayansa shekara 21.

Abin Da Ya Bayyana Bayan Rasuwarsa

Ba a yi shekara da binne shi ba, cikin 1889, sai waɗansu likitoci biyu a Sitarasbug, Oska Minkofski da Yosef fon Mering, suka cire wa wani kare fankiriyas duka don su ga ko zai iya narkar da kitse. Karen ya kama fitsari ba ƙaƙƙautawa. Da aka auna sai ga sukari. Daga baya Minkofski ya dasa wa kare guntun naman a ƙarƙashin fata, ciwon bai taso ba sai da aka cire guntun. Aka gane lalle akwai wani abu da naman ya ke zubawa cikin jini kai tsaye.

Cikin 1893 wani malami Bafaranshe a garin Lil, Edwar Lages, ya koma kan ɗan littafin nan na ɗalibi wanda ya shekara 24 a ajiye. Ya sami tsibin nan yadda aka siffanta su, ya ga sun yi kama da tsibirai a tsakiyar ruwa, ya raɗa musu suna tsibiran Langarhans, ya kuma kawo zaton su ne masu zuba abin nan cikin jini. Cikin 1901 Yujin Ofi a Amurka ya nuna tsibiran sun lalace a jikin waɗansu da ciwon sukari ya kashe. Sunan insulin ma daga kalmar tsibiri ta Latin aka ciro shi. Cikin 1921, a Toronto ta ƙasar Kanada, Firedirik Banting da Cals Best suka tatso sinadarin, Jems Kolif ya tace shi, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa cikin watan Janairu, 1922, ya tashi daga bakin mutuwa.

Ciwon sukari iri biyu ne manya. Wanda ya fi yawa, mai kama manya, tsibiran suna nan amma jiki ba ya jin insulin sosai, su kuma suna gajiya a hankali. Ɗayan, wanda ya fi kama yara da samari, garkuwar jikin mutum ce da kanta ta ke juyowa ta kashe ƙwayoyin bita. Mai wannan iri ba ya rayuwa sai da allura kullum. Allura kuwa tana ceton rai, amma ba ta ɗanɗana jini. In ta yi kaɗan, sukari ya daɗe a sama, a kwana a tashi ya ɓata ido da ƙoda da ƙafa. In ta yi yawa, sukari ya faɗi, mutum ya suma, wani ma ba ya jin alamar zuwan abin. Saboda irin waɗannan mutane aka fara tunanin a mayar musu da tsibiran kansu.

Dashen Tsibirai

Tun cikin 1893 wani likita a Biristol, Watson Wiliyams, ya dasa wa wani yaro guntayen fankiriyas na tunkiya a ƙarƙashin fata, yaron ya rasu bayan kwana uku. Aikin bai sami hanya ba sai a hannun Fol Lesi na Sen Luwis a Amurka, wanda cikin 1967 ya gyara dabarar narkar da naman da wani sinadari har tsibiran su fito ɗaya-ɗaya da ransu. Cikin 1972 shi da abokin aikinsa Balinja suka dasa su a jikin ɓeraye masu ciwon sukari, ciwon ya yi sauƙi. A jikin mutum, a kan ciro tsibiran daga wanda ya rasu aka ba da gaɓoɓinsa, a ɗura su ta babbar hanyar jinin da ke shiga hanta, su maƙale a can su kama aiki. Cikin 2000 Jems Shafiro da jama'arsa a Edmonton ta Kanada suka ba da labarin mutum bakwai da aka yi musu haka, duka suka bar allura. Amma kowannensu sai da aka haɗa masa na mamaci biyu ko fiye, kuma da aka bi sawun waɗanda aka yi wa dashen a can har shekara biyar, wajen ɗaya cikin goma ne kaɗai ya saura ba ya allura.

A nan ne abu biyu da Langarhans ya gano suka haɗu. Dangin 'yan gadin nan da ya gani a fata suna ko'ina cikin jiki, da sun ji tsibirin wani mutum sai su kai rahoto, dakarun jini su taso su kashe shi. Don haka wanda aka yi wa dashe dole ya sha magungunan danne garkuwar jiki muddin dashen yana nan. Magungunan nan suna buɗe ƙofa ga cututtuka masu yaɗuwa, suna taɓa ƙoda, suna ƙara haɗarin waɗansu irin ciwon daji. Shi ya sa ba a yin dashen sai ga wanda ciwonsa ya gagari allura, ba a kuwa yi wa yara ƙanana, alhali su ne suka fi bukata.

Dabarar Kwanso

Masu bincike suka ce, maimakon a kwance wa jiki duka makamai, a suturta baƙon. Watau a rufe tsibiran da wani kwanso mai ƙananan ƙofofi kamar rariya. Sukari da iskar numfashi da abinci ƙanana ne, su shiga. Insulin ƙarami ne, ya fita. Dakarun jini kuwa manya ne, su tsaya a waje. Cikin 1980 Firankilin Lim da Antoni Sun suka yi haka da wani abu mai danƙo da a ke samu daga ciyawar teku, sunansa aljinet. Suka rufe tsibiran a cikin 'yan ɗigo masu kama da tsakiya, suka zuba a cikin ɓeraye, sukarinsu ya daidaita mako biyu zuwa uku. Cikin 1994 Fatirik Sun-Shiyong a Los Anjalas ya ba da labarin wani mutum da aka zuba masa irinsu a kogon ciki, ya bar allura har wata tara. Sai dai mutumin yana shan maganin danne garkuwa saboda dashen ƙoda da aka yi masa, don haka ba a iya cewa kwanson kaɗai ne ya tsare su ba.

Kwanson iri biyu ne. Akwai ƙanana, kowane tsibiri da nasa, a zuba dubbai a kogon ciki, amma kwashe su in an so yana da wuya. Akwai kuma babba, kamar 'yar jaka shimfiɗaɗɗiya, a cusa ƙarƙashin fata, a ciro ta duk sa'ad da aka ga dama. Matsala biyu ce ta tare hanya. Ta fari, tsibiri mai yawan shan iska ne, a mazauninsa hanyoyin jini suna ratsa cikinsa, a kwanso kuwa sai abin da ya tsattsafo daga waje, na tsakiya su shaƙe su mutu. Ta biyu, jiki in ya kasa shiga wurin baƙon abu sai ya kewaye shi da tabo mai kauri, kamar yadda ya kan yi wa ƙaya da ta karye a ƙafa, ƙofofin rariyar su toshe.

Ƙarancin tsibirai ya fara samun mafita, gama an koyi rainon ƙwayoyi masu yin insulin a ɗakin bincike daga ƙwayoyin asali. Cikin 2014 kamfanin ViaCyte na Amurka ya fara gwada irinsu cikin jaka a jikin mutane, tabo ya hana yawancinsu rayuwa. Cikin 2025 kamfanin Vertex ya dakatar da gwajin tasa jakar, domin ba ta cuci kowa ba amma insulin ɗin da ta bayar bai kai abin da a ke bukata ba. A shekarar nan dai kamfanin ya ba da labarin mutum 12 da aka ɗura musu irin ƙwayoyin nan ba kwanso, 10 suka bar allura bayan shekara ɗaya, amma tare da maganin danne garkuwa. Ashe ƙwayoyin suna aiki, suturar ce ba a gama ɗinka ta ba.

To, jama'a, har zuwa 2025 dashen tsibirai cikin kwanso gwaji ne a hannun masu bincike, bai zama magani da a ke sayarwa ko a ke yi a asibiti ga kowa ba. Wanda likita ya ɗora a kan allura ko ƙwaya kada ya bari saboda jin wannan labari, kada kuma ya ba da dukiyarsa ga mai cewa ya zo da abin da ke tsinke ciwon sukari dare ɗaya. Daga ranar da Langarhans ya miƙa ɗan littafinsa zuwa ranar da aka yi wa yaron Toronto allura shekara 53 ce, daga nan zuwa dashen Edmonton shekara 78. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da ya sa aikinsa ya yi amfani ga waɗanda suka zo bayansa shi ne, ya rubuta abin da ya gani da awonsa, har Lages ya iya bin sawunsa bayan shekara 24 ya tarad da abin a inda aka ce yana nan. Malamin da ya ke kwafar littafi ya bar kalmar da bai gane ba yadda ya same ta, da ɗan kasuwar da ya ke rubuta bashi daidai ko da ba shi zai karɓa ba, sun san darajar wannan hali. Kabarinsa yana Funshal, sunansa kuwa yana cikin littafin kowane ɗalibin likita a duniya. Haza wasalam.